Yadda ake gano ainihin farashin tsohon katin ɗan wasa kafin a saya ko a sayar a intanet

A watan Agustan 2022, gidan gwanjon Heritage da ke Amurka ya sayar da katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar da shi, Anthony Giordano, dala 50,000 ya saye shi a 1991. Tun daga nan duk wanda ya tono tsohon kati a akwatin mahaifinsa sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Masu sayarwa ma sun gane haka, shi ya sa za ka ga kati ɗaya an yanka masa kuɗi kala goma a wuri goma, wani wurin ma ba a rubuta kuɗin ba sam, sai dai a ce ka biyo ta saƙon sirri a daidaita.

Kasuwar tsofaffin katunan 'yan wasa cibiyarta Amurka, kuma da dala ake cinikinta. Galibin 'yan harkar, idan suka ce tsohon kati, suna nufin wanda aka buga kafin 1980, ko da yake akan yi sassauci ga wasu irin na ƙwallon kwando na kamfanin Fleer, bugun 1986, mai ɗauke da katin farko na Michael Jordan da na Hakeem Olajuwon haifaffen Legas. Ko kana Cikago ko kana Kano, ƙa'idar ɗaya ce: farashin kati shi ne kuɗin da wani ya ciro daga aljihunsa ya biya a kan irinsa sak, kwanan nan. Abin da mai kaya ya yanka buri ne kawai. Ga yadda ake bin diddigin kuɗin da aka biya.

Mataki na farko: san ainihin katin da ke gabanka

Kafin ka nemi farashi, rubuta abu biyar: shekarar bugu, kamfanin da ya buga, sunan ɗan wasa, lambar katin a cikin jerinsa, da duk wani bambanci da ke jikinsa. Na biyar ɗin nan shi ne inda mutane ke yin asara.

Ɗauki jerin T206, katunan besbol da kamfanin taba na American Tobacco ya riƙa cusawa a kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911. Fuskar katin na iya zama iri ɗaya, amma bayansa tallan sigari ne daban-daban. Mai tallan Piedmont ko Sweet Caporal yana da yawa, shi ne na gama-gari. Mai tallan Drum ko Uzit kuwa da ƙyar ake ganinsa, kuma kuɗinsa kan ninka na gama-gari sau da yawa ko da ɗan wasan ba wani fitacce ba ne. Haka nan a Topps 1952, lambobi daga 311 zuwa 407 sun fi na ƙasa ƙaranci saboda a ƙarshen kaka aka fitar da su, kasuwa ta riga ta yi sanyi. Mantle shi ne lamba 311.

Sannan ka tabbatar ba sabon bugu ba ne na tsohon kati. Kamfanoni kan sake buga shahararrun katunansu don tunawa, kuma sukan rubuta shekarar da ƙananan haruffa a baya. Wannan halal ne, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Jabu kuma daban, kuma katin Jordan na 1986 yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya.

Mataki na biyu: tsayar da lafiyar katin

Kati biyu iri ɗaya na iya bambanta a kuɗi ninki ɗari saboda lafiyarsu kaɗai. Kamfanonin tantancewa, manyansu PSA da SGC da Beckett da CGC, suna duba kusurwoyi huɗu, da gefuna, da fuska, da yadda hoton ya zauna a tsakiya, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe katin a ƙwanson roba mai lambar shaida. Shiga shafin kamfanin ka buga wannan lamba. Sunan ɗan wasa da shekara da maki dole su zo daidai da abin da ke jikin ƙwanson, idan kuma akwai hoto, ka gwada tabo da tabo, domin ana yin jabun ƙwanso da lambar gaskiya da aka kwafo daga wani wuri.

Kula da haruffan da PSA kan ƙara a gefen maki. OC na nufin hoton ya karkace daga tsakiya, ST tabo ne, MK kuma an yi rubutu ko wata alama a jiki. Katin da aka ba 8 tare da OC ba ya cin kuɗin 8, 'yan kasuwa kan sauke shi kamar maki biyu. Wanda aka rubuta masa cewa na asali ne amma an taɓa shi, wato an datse gefensa ko an shafa masa launi, ba shi da maki ma sam.

Kada ka gwada kuɗin PSA 6 da na SGC 6 kai tsaye, kowanne da kasuwarsa. Katin da ba a tantance ba kuma, kada ka taɓa biyansa da kuɗin wanda aka tantance don kawai mai shi ya ce ai zai ci 8. In da ya tabbata, da ya kai shi da kansa.

Mataki na uku: nemo cinikin da aka kammala

A nan aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Fara da kasuwar intanet ta eBay, domin nan ne aka fi yawan ciniki. Buga bayanin katin da makinsa, sannan ka danna matacin da aka rubuta wa Sold items. Yanzu abin da kake gani shi ne kayan da aka sayar cikin kusan kwana 90 da suka wuce. Duk abin da ke shafin farko kafin ka danna wannan mataci, kayan da ba su samu mai saye ba ne, kuma da yawansu sun yi watanni a zaune ne saboda tsadarsu.

Akwai tarko a nan. Idan mai kaya ya saka dala 900 amma ya buɗe ƙofar tayi, wani ya taya 600 ya sallama, eBay zai nuna maka 900 ɗin da layi a soke a kai, ba zai faɗa maka 600 ba. Wanda bai sani ba sai ya rubuta 900 a lissafinsa. Shafin 130point kyauta ne, kuma yakan fito da ainihin kuɗin da aka sallama. Idan kana da asusun mai sayarwa a eBay, sashen binciken kaya da aka fi sani da Terapeak yana komawa baya har shekara uku, kuma shi ma kuɗin gaskiya yake nunawa.

Kwana 90 ba ya isa ga tsohon kati, domin wani sai a shekara ba a ga irinsa a kasuwa ba. Don haka ka wuce zuwa wasu wuraren. PSA na da rumbun sakamakon gwanjo na katunan da ta tantance, kyauta. Vintage Card Prices da Card Ladder na biyan kuɗi ne, suna tattaro ciniki daga wurare da yawa na shekaru masu yawa. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Robert Edward Auctions da Goldin suna barin tsofaffin sakamakonsu a buɗe, har da hotuna masu kyau, kuma hoton nan shi ne rabin amfanin. Kati biyu duk PSA 5, amma ɗaya hotonsa ya zauna daram a tsakiya, launinsa na ƙyalli, ɗayan kuma ya karkace ya kode. Na farko zai fi na biyu kuɗi nesa ba kusa ba. Idan ba ka buɗe hoto ka gani ba, za ka ga lambobi biyu da suka yi hannun riga ka rasa dalili.

Wani abu da nake ganin ya kamata mai saye ya riƙe a ransa: kamfanin Collectors, uwar PSA, shi ne ya sayi Card Ladder a 2021, ya sayi SGC a 2024, kuma a shekarar 2024 ɗin eBay ta sayi Goldin. Wato masu ba da maki da masu tattara farashi da masu kasuwar duk hannunsu na cikin na juna. Wannan ba ya nufin alƙalumansu ƙarya ne, amma ya isa dalilin da zai sa ka duba aƙalla wuri biyu da ba su da uwa ɗaya.

Littafin farashi fa? James Beckett ya fara fitar da nasa a 1979, mujallarsa ta wata-wata ta biyo baya a 1984, kuma a zamaninsu su ne alƙalin kasuwa. Yau amfaninsu shi ne sanin jerin katuna da lambobinsu. Wanda ya ce maka ai littafi ya ce kaza, ka tambaye shi wa ya biya kazan, kuma yaushe.

Kowane ciniki ka samo, rubuta kwanan wata, wurin, kuɗin, lambar shaida, da ko gwanjo ne ko tayi ne ko saye kai tsaye. Nemi biyar zuwa goma idan akwai.

Mataki na huɗu: tsince na bogi

Ba duk abin da aka rubuta an sayar ne aka sayar da gaske ba. Wani ya ci gwanjo ya ƙi biya, amma lambar na nan a jeri. Hanyar ganewa ita ce lambar shaida: idan ka ga kati mai lamba ɗaya an sayar a farkon wata, sai ga shi kuma a hannun mai kayan nan dai bayan mako biyu, to cinikin farko bai tabbata ba. Goge shi.

Mafi muni shi ne tayin ƙarya, inda mai kaya ko abokinsa ke shiga gwanjo da wani asusu suna ƙara kuɗi don su tunzura mai saye na gaskiya. Musulmi ya san hukuncin wannan, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba. A dokar Amurka ma laifi ne, kuma an ɗaure mutane a kai. Bill Mastro, wanda gidan gwanjonsa ya taɓa zama mafi girma a harkar, ya amsa laifin zamba a kotun tarayya a 2013, aka yanke masa wata 20 a 2015. A cikin abin da ya amsa har da cewa shi ya datse gefen katin Honus Wagner na T206, wanda ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991, katin da PSA ta fara tantancewa a tarihinta ta ba shi 8. A watan Agustan 2021 kuma eBay ta dakatar da PWCC, ɗaya daga cikin manyan dillalanta, bisa zargin tayin ƙarya, zargin da PWCC ta musanta. Na kawo waɗannan ne don ka san abin ba na ƙananan 'yan damfara kaɗai ba ne, kuma ƙwanson roba ba ya rufe ƙofar tambaya.

Illar tayin ƙarya ba ta tsaya ga wanda aka cuta a ranar ba. Kuɗin da aka kumbura yana shiga rumbun tarihi, gobe wani ya nuna maka shi a matsayin hujja. Don haka buɗe tarihin tayin duk cinikin da ya fi sauran tsada. Alamun da za su sa ka yi shakka: sabon asusu marar tarihin saye yana ta ƙara kuɗi kaɗan-kaɗan, ko tayi babba da aka janye daf da rufewa, ko asusu biyu suna tseren da ya wuce duk wani ciniki na baya ba tare da katin ya fi sauran kyau ba. Babu ɗaya da ke zama hujja ita kaɗai, amma kai ba alƙali ba ne, lissafi kake yi. Wanda zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, cire shi.

Cinikin sirri da aka sanar a jarida ma a yi masa taka-tsantsan. Idan babu gwanjo a bainar jama'a, maganar masu cinikin kaɗai gare ka.

Mataki na biyar: fitar da lamba

A ce bayan tacewa ka rage da ciniki biyar: dala 410, 425, 440, 455 da 690. Idan ka haɗa ka raba biyar za ka samu 484, kuɗin da huɗu daga cikin biyar ɗin ba su kai ba. Jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 440. Sannan ka buɗe hoton mai 690 ka ga dalili. Idan katin nan ya fi sauran kyau a ido kuma naka bai kai shi ba, ba ruwanka da shi.

Ba na kusa nauyi fiye da na nesa. A farkon 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida kasuwar ta yi tashin gwauron zabi, an sayar da katin Jordan na 1986 mai PSA 10 a kan dala 738,000. Cikin shekara biyu irinsa ya dawo ƙasa da rabin wannan. Duk wanda ya kawo maka cinikin 2021 a yau, ka ce ya kawo na wannan shekarar.

Idan babu ciniki ko ɗaya a makin da kake nema, duba na sama da na ƙasa da shi ka yi kirdado tsakaninsu, amma ka sani ba a tsakiya daidai yake faɗawa ba: tazarar 8 da 9 ta fi ta 4 da 5 faɗi ƙwarai. Rahoton adadi na PSA da SGC zai nuna maka guda nawa suka ci kowane maki. Shi ma yana da kumburi, domin mutane kan fasa ƙwanso su sake tura kati ɗaya da fatan ƙarin maki, sai a ƙirga shi sau biyu.

Mataki na shida: haɗa kuɗin da ba ya jikin talla

Gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada ta kusan kashi 20 cikin ɗari. Ka ci gwanjo a 500, za ka biya kamar 600. Sakamakon da suke wallafawa yawanci ya haɗa da la'adar, amma lambar da kake bugawa lokacin tayi ba ta haɗa ba, don haka ka lissafa iyakarka daga baya zuwa gaba kafin a fara. A eBay kuwa mai sayarwa ake cira, kusan kashi 13 cikin ɗari. Katin 440 zai bar masa kusan 380. Wannan ya ba ka ƙafar tsayawa idan ciniki na kai tsaye ne ba dillali: 405 ko 410 ya fi wa kowannenku.

Wanda ke saye daga Nijeriya ko Nijar yana da ƙarin nauyi: kuɗin aikowa da inshora, kuɗin kamfanin da zai karɓa a Amurka ya turo idan mai kayan ba ya aikawa Afirka, kuɗin kwastan, da canjin da banki zai yi masa. Ka ajiye lissafinka da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kati na iya ninka kuɗinsa a naira alhali a dala faɗuwa ya yi. Masu sefa kuma su tuna kuɗinsu a ɗaure yake da yuro, don haka motsin yuro da dala yana shafarsu. Mu da ƙwallon ƙafa ya fi shiga ranmu, kasuwarta ma ta buɗe: katin Pele na kamfanin Alifabolaget, bugun Suwidin na 1958, ya kai dala miliyan 1.33 a 2022. Amma cinikin tsofaffin katunan ƙwallo bai kai na besbol yawa ba, don haka samun misalai biyar zai fi wuya, kuma dole ka ƙara haƙuri.

Mataki na bakwai: idan kai ne mai sayarwa, baje komai

Rubuta kuɗin a jikin tallan. Ban ga wani uzuri ga mai cewa a biyo shi ta sirri ba, in ban da son ya auna kowane mai tambaya ya yanka masa gwargwadon rashin saninsa. Dandalin ciniki da yawa a Facebook ma sukan goge tallan da babu farashi, kuma daidai suka yi. Ka faɗi ko kuɗin ya haɗa da aikawa, ko akwai ragi, da hanyar biya. Saka hoton gaba da baya a haske mai kyau, lambar shaida a bayyane, da wata 'yar takarda a gefe mai sunan asusunka da kwanan wata don a san katin na hannunka. Duk wani aibi, ninki ne ko tabo ko kusurwar da ta tauye, ka faɗe shi da bakinka ka kuma ɗauke shi a hoto na kusa.

Sannan ka kawo hujjar farashinka: ciniki uku na ƙarshe, da ranakunsu da wurarensu, har da wanda bai yi maka daɗi ba. Mai ɗauko mafi tsada shi kaɗai ya ɓoye sauran, ya yi algus ko da kowace lamba da ya faɗa gaskiya ce. Idan kana ganin katinka ya fi su, ka ce ya fi su ka nuna ta ina.

Wajen biya, PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, na da hanya biyu. Ta kaya da ayyuka tana cin kusan kashi 3 cikin ɗari amma tana kare mai saye idan kaya bai zo ba. Ta 'yan uwa da abokai babu kariya ko kaɗan. Baƙon da ya nace sai ta biyun, ka ce masa albarka ka wuce. A faɗi tun farko wa zai ɗauki kashi ukun.

Mataki na takwas: bayan an sallama

Kada ka goge kuɗin daga tallan ka bar kalmar an sayar kaɗai, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Bar wanda ka nema, kuma idan mai sayen ya yarda, ka rubuta wanda aka sallama a gefensa. Cinikin dandali ba ya shiga 130point ko Card Ladder, don haka idan ka goge, ya ɓace ke nan, kuma ga katin da sai a shekara ake ganinsa wataƙila naka ne kaɗai misalin da na bayanka zai samu. Idan gwanjonka ne aka ci aka ƙi biya, ka faɗi haka a sabon tallan, tare da lambar shaidar. A naka littafin kuma ka rubuta ranar, kuɗin da dala, canjin ranar, duk abin da aka cira, da lambar shaida, ka ajiye hotunan gaba da baya a wuri ɗaya da rasit ɗin aikawa.